Horon kiwon kifi a dajin mangurof na hanyar Badagry: abin da ya cancanci kuɗinsa da abin da ya rage

Masu sayar da horon kiwon kifi sun yi yawa a Legas, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke koyarwa, wato a gina kwamin siminti ko a sayi tankin roba, a zuba 'ya'yan tarwaɗa, a ciyar da su na 'yan watanni, sannan a kira dillali. Horon da zan yi bayani a kansa na wata cibiya ce mai zaman kanta da ke bakin mashigin ruwan da ya tashi daga Ojo ya nufi Badagry, kuma ya bambanta da waɗancan ta fuska biyu. A cikin ruwan lagun, wato tafkin bakin teku inda ruwan kogi yake haɗuwa da na teku, ake yin kiwon, cikin kejin raga da yake yawo a kan ruwa, sannan kusan rabin lokacin horon yana tafiya ne a kan itatuwan mangurof, masu tsirowa a taɓon bakin teku inda ruwan gishiri yake shiga, da suka kewaye ruwan, yadda ake kare su da yadda ake sake dasa su. Ba zan kama sunan cibiyar ba, domin cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma irin waɗannan cibiyoyi suna kama da juna ƙwarai, ta yadda mai karatu zai iya auna duk wadda ya samu da abin da zan kawo. Hukuncina tun daga farko shi ne aikin da ake yi a cikin taɓo da kwalekwale ya cancanci kuɗinsa har da ƙari, amma abin da ake yi a cikin aji da abin da ke biyo bayan horon suna buƙatar gyara sosai.

Mu da muka je 'yan kasuwar kifi banda ne, mazauna Alaba Rago da Agege da Mile 12, waɗansunmu 'yan asalin Yawuri, waɗansu na Haɗeja, waɗansu kuma iyayensu sun yi su a Doron Baga. Abin da ya kai mu ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda yake cikin sana'ar. Tun da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita kasuwar Baga, musamman bayan harin watan Janairun 2015, bandar tafkin Chadi ta daina zuwa yadda aka saba, kuma ko ta zo, kuɗin mota da na shingayen hanya sun riga sun cinye ribar. Alƙaluman da gwamnatin tarayya take yawan ambata sun nuna cewa Najeriya tana buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da ake samarwa a cikin gida kusan kashi ɗaya ne cikin uku na hakan, shi ya sa daskararren kifin waje ya cika kasuwanninmu. Mutumin da yake zaune a jihar da take da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 180, ga lagun ga mashigai, dole wata rana ya tambayi kansa dalilin da ya sa yake jiran kifi daga nisan da ya haura kilomita 1,500.

Rajista ba ta da wahala, ta waya ake yin ta, kuma kuɗin ya yi daidai da na 'yan buhunan abincin kifi na waje, ya haɗa da kwalekwale mai inji, da rigar kariya ta ruwa, da aron takalman roba masu kaiwa gwiwa, da abincin rana. Abincin shinkafa ne ko teba da miyar kifi, saboda haka babu wanda ya shiga tunanin yanka. Sun ware mana wuri mai tsabta a kan dakalin katakon da jirage ke tsayawa domin salla, kuma jagoran tafiyar yakan duba lokacin azahar ba sai an tuna masa ba. Wannan ƙaramin abu ne, amma na ga wuraren da ba a yin sa, shi ya sa na ambata.

Darasin aji shi ne mafi rauni. An haska mana hotuna a bango da Turanci, ana ta wucewa da sauri, kuma abin da na tsira da shi bai fi 'yan bayanai ba: cewa Najeriya ce take da dajin mangurof mafi girma a Afirka, mafi yawansa a yankin Neja Delta, cewa taɓon da ke ƙarƙashin waɗannan itatuwa yana riƙe iskar kabon fiye da dajin tudu mai girma iri ɗaya, cewa hukumar UNESCO ta ware ranar 26 ga watan Yuli domin tunawa da su, da kuma cewa rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda malalar ɗanyen mai ta kashe su a can. Duk gaskiya ne, amma ɗan kasuwar da ya rufe rumfarsa ya zo neman ilimin kiwo bai ga inda wannan ya haɗu da aljihunsa ba, kuma malamin bai yi ƙoƙarin haɗa masa ba. Sai da aka shiga ruwa sannan maganar ta fara zama tamu.

Mutum biyu ne suke riƙe da aikin fili, wata malama da ta karanci ilimin kifi, da wani dattijo masunci Ba'egune (ɗan ƙabilar Egun ta yankin Badagry) wanda kowa yake kira Baba. Su biyun nan su ne jarin cibiyar. Baba ya tsayar da kwalekwalen a wani lungu lokacin da ruwa ya janye, inda jan mangurof ya tsaya a kan saiwoyinsa da suka fito daga jikin kututture suka lanƙwasa suka nutse cikin taɓo, ya ce kowa ya yi shiru ya dubi tsakanin saiwoyin. Cikin ɗan lokaci ido ya saba, sai ga ƙananan kifaye da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba suna yawo a ruwan da bai kai idon sawu ba, ga jatan lande ƙanana, ga ƙaguwa tana shiga rami, ga kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu mai tauri, manne a jikin saiwa. Malamar ta bayyana cewa babban kifi ba ya iya kutsawa cikin wannan sarƙaƙiya, ganyen da yake zubowa kuma yana ruɓewa ya zama abincin ƙananan halittun da 'ya'yan kifi suke ci, saboda haka kifin da masunci zai kama a tsakiyar lagun bayan watanni a nan ya yi ƙuruciyarsa. Wanda ya tashi a Yawuri ya san amfanin fadamar da ambaliya take rufewa ga hayayyafar kifi, don haka bai ɗauke mu lokaci ba muka gane.

Dashen kansa an koyar da shi da kyau. Irin jan mangurof a jikin uwa yake tsira, ya zama dogon kore mai tsini a ƙasa, tsawonsa ya wuce taƙi, wani ma ya kai kamu, sannan ya faɗo cikin ruwa. An nuna mana yadda ake zaɓen wanda ya nuna, mai tauri, wanda ƙwaro bai huda ba, da yadda ake soka kusan sulusinsa cikin taɓo a tsaye. Wannan ko yaro zai iya. Abin da yake buƙatar ilimi shi ne sanin inda za a soka shi, kuma a nan ne cibiyar ta nuna cewa ta san aikinta. Ruwan teku yana hawa ya sauka sau biyu a kowace rana, hawansa yana ƙaruwa a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da wata ya cika, kuma itacen yana rayuwa ne kawai a tsakanin inda ruwa yake rufewa ya buɗe. Idan aka dasa can ƙasa inda ruwa ba ya janyewa, sai ya nutse ya mutu, idan kuma aka dasa can sama inda ruwa ba ya kaiwa, sai ciyawa ta danne shi. Sun kafa sanduna masu zane a bakin gaɓa suna rubuta inda ruwa ya tsaya, kuma da Baba ya ga cewa mun fi shi riƙe kwanan wata, sai ya mayar da lissafin a kan watan Musulunci, abin ya zo mana da sauƙi. Sun kuma kai mu wani wuri da suka taɓa dasawa ya mutu, suka faɗi dalili ba tare da kwana-kwana ba, wato yashin da masu haƙa suka tara ya toshe hanyar da ruwa yake shiga, kuma sai da aka buɗe hanyar sannan iri ya fara zuwa da kansa yana tsira. Cibiyar da take nuna wa mai biyan kuɗi inda ta faɗi ta cancanci a amince da ita a sauran abin da take faɗa.

A can sama kaɗan akwai wani nau'in, wanda saiwoyinsa suke tsirowa daga ƙasa tsaye, sirara, birjik a kewayen itacen, da su yake shaƙar iska saboda taɓon ba ya da ita. Baba ya tsinko ganyensa ya miƙa wa babbanmu a tafiyar, wani dattijo ɗan Yawuri, ya ce, "Alhaji, lasa ka ji." Alhaji ya lasa, ya dube mu ya ce gishiri ne zalla. Itacen yana shan ruwan gishiri ne ya fitar da gishirin ta ganye.

Darasin da ya fi kowanne daraja, wanda shi kaɗai ya isa ya biya kuɗin horon, shi ne na tsohon kududdufin kiwo da aka yi watsi da shi. Wani ne ya sare mangurof a wurin shekarun baya, ya haƙa kududdufi, ya tara ƙasar da ya haƙo ta zama ganuwa. Ganuwar tana nan har yanzu, kusan babu abin da ya tsira a kanta, jikinta da ɗigo-ɗigon rawaya, ruwan da ke kwance a ciki kuma yana da jan tsatsa a gefe. Malamar ta tsoma na'urar auna tsamin ruwa, ta nuna mana lambar ta faɗi ƙasa ƙwarai da abin da kifi yake so, wanda yake tsakanin 6.5 da 9. Bayaninta shi ne taɓon mangurof yana ɗauke da wani sinadari na ƙarfe da farar wuta, wanda ba ya cutarwa muddin ruwa yana rufe da shi, amma da zarar an haƙo shi ya sha iska sai ya koma asid, ruwan sama ya wanko shi cikin kududdufi, kifi ya daina cin abinci, ya ƙi girma, ko ya mutu bayan ruwan farko na damina. Ana iya zuba farar ƙasa a rage tsamin, amma sai an yi ta zubawa shekara da shekaru, kuɗin kuma ya fi ƙarfin ƙaramin mai kiwo. Ta ƙara da cewa ƙasashe irin su Filifin da Indunusiya da Tailan da Ekwado sun sare mangurof mai yawa domin kiwon jatan lande, kuma kududdufai da dama a can an bar su bayan 'yan shekaru saboda cuta da lalacewar ƙasa.

Alhaji ya daɗe yana kallon wurin. Da ma ya zo ne da niyyar sayen wani fili na fadama da aka yi masa tayi da araha, ya share ya haƙa. Ya tambayi malamar, "Malama, yanzu duk filin da yake da irin wannan itace haka zai yi?" Ta ce ba duka ba ne, amma kada ya biya ko kwabo sai an ɗebi ƙasar an bar ta ta bushe an auna. Wannan amsa ta burge ni, domin ba ta tsorata shi don ya bi ra'ayinta ba, hanyar tabbatarwa ta ba shi. A ganina nan ne hikimar horon take. Ba su roƙe mu mu tausaya wa itace ba, sun nuna mana cewa mai sare shi don ya haƙa kududdufi dukiyarsa yake binnewa, kuma ruwan da yake kusa da daji mai rai ya fi tsabta da kwanciya ga kejin kifi, domin saiwoyin suna tare laka suna rage ƙarfin igiyar ruwa.

Sashen keji ya yi kyau, ko da yake an ɗan gaggauta shi. Kejin nasu na bututun ƙarfe ne da durom na roba da suke ɗaga shi, da raga mai zurfi, da duwatsun siminti da suke riƙe shi a wuri ɗaya, kuma sun sa mu ɗaura raga da hannunmu, mun ɗaga ta mun goge gansakuka da ƙananan kawa da suke toshe idanunta. Sun nanata cewa dole a bar tazara tsakanin gindin raga da ƙasan ruwa domin kashi da ragowar abinci su wuce, kuma iskar da kifi yake shaƙa a ruwa ta fi ƙaranci da asuba, saboda haka mai kiwo da asuba yake duba kifinsa. Babban abin da ya shafe mu shi ne gishiri. Ruwan teku yana da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, ruwan lagun kuma yana canzawa da lokaci, da damina koguna irin su Ogun da Yewa suna turo ruwan daɗi gishiri ya ragu, da rani kuma teku ta turo nata ya ƙaru, musamman a wuraren da suke kusa da tashar jiragen ruwa ta Apapa. Tarwaɗa da muka sani kifin ruwan daɗi ce, ba ta jure gishiri mai yawa, don haka kejin da ya yi albarka a watan Agusta yana iya zama asara a watan Maris. Sun koya mana amfani da wata 'yar na'ura da ake ɗiga mata ruwa a leƙa a karanta yawan gishiri, sun kuma nuna mana karfasar lagun mai baƙin haɓa, wadda take jure ruwan daɗi da na gishiri, kuma namijinta ne yake riƙe ƙwai a bakinsa. Sun faɗi aibinta, cewa ba ta saurin girma kamar karfasar da ake kiwo a ruwan daɗi, kuma ba ta kai girman da mai sayen banda yake so.

An kuma kai mu wajen akaja, tsohuwar dabarar masuntan wannan gaɓa, wadda ta shahara a tafkin Nokuwe na jamhuriyar Benin. Rassan itace ake kafawa da yawa a ruwa marar zurfi, kifi ya taru yana cin gansakukar da take fitowa a jikinsu, bayan watanni a kewaye wurin da taru a cire rassan a kwashe. Ba a sayen abinci, wanda a kiwon tarwaɗa shi yake cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa. Matsalar ita ce rassan daga mangurof ake yawan saro su, kuma idan akaja ta yi yawa tana tara laka ta toshe hanyar jirage. Cibiyar tana gwada gora a madadin rassan. Baba da malamar sun saɓa a kan wannan a gabanmu, shi yana cewa gora ba ta tara kifi kamar reshe mai ganye, ita tana cewa bambancin bai kai a sare daji ba, kuma na ji daɗin yadda aka bar mu muka ji ɓangarorin biyu.

Game da baƙin tsirrai, an yi mana bayanin kwakwar nipa, wadda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906, ta bazu ta mamaye wuraren da aka sare mangurof a jihohin Kuros Riba da Akwa Ibom da Ribas, da kuma kainuwar Turawa mai shuɗin fure, wadda ta shigo ruwan Legas ta mashigin Badagry a 1984 daga jamhuriyar Benin. Ita wannan mun gan ta da idonmu tana taruwa a jikin keji tana danne sabon dashe, tare da ledoji da robobin da ruwa yake kwasowa daga gari. Mutanen Haɗeja da ke cikinmu suka ce ai wannan ita ce kacalar da ta cinye musu fadama tsakanin Haɗeja da Nguru, sai dai ta canza kama.

Inda nake da ta cewa a matsayina na mai sana'a shi ne sashen banda. Ba na jin akwai ɗan kasuwar kifi da zai ce ba ruwansa da sare mangurof, domin itacen jan mangurof yana da nauyi, yana ci a hankali, yana ba kifi launin da mai saye yake so, shi ya sa masu banda a gaɓar teku suke nemansa, mu kuma muna sayen abin da suka banda ba tare da tambayar da me aka yi ba. Cibiyar tana da murhu iri biyu, na tubali mai tire-tire da ake jerawa a kan juna, irin wanda aka fara a unguwar Chorkor ta Accra a ƙasar Gana, da kuma na ƙarfe mai ƙofa wanda yake raba kifi da harshen wuta, kitse yana ɗiga a wani tire dabam. Makamashin da suke amfani da shi ɓawon kwakwa ne da ƙoƙonta, abin da Badagry take da shi a yalwace. Na karya tarwaɗar da ta fito daga murhun ƙarfen, na duba cikinta har ƙashi, ta bushe sosai, babu ɗaci, babu toka, fatarta ruwan zuma. Kifi ne mai kyau wanda manyan shaguna da masu aikawa waje za su so. Amma matan da suke sayen banda a hannunmu domin miyar kuka ko ta kuɓewa sun saba da mai duhu mai ƙarfin ƙamshin hayaƙi, kuma babu wanda ya yi mana maganar yadda za a shawo kansu. Murhun ƙarfen yana da tsada, ba a kawo wata hanyar haɗa kuɗi ko biya kaɗan-kaɗan ba. Da wani ya ce ai za a iya amfani da gawayi, ba a tsaya an nuna masa cewa gawayin ma daga dazuzzukan tudu ake saro shi ba, wato an ɗauke ɓarna daga bakin teku an kai ta wani wuri. Sashen da ya fi shafar masu banda shi aka ba ɗan guntun yammaci.

Sauran ƙorafe-ƙorafena sun fi wannan nauyi. Na farko harshe. Da Turanci da Yarbanci ake koyarwa, a sauko zuwa burokin, wato Turancin kasuwa, idan an ga fuskoki sun canza, kuma wani matashi daga cikinmu ne ya zama tafinta ba tare da an rage masa ko sisi ba. Takardar da aka raba da Turanci take, alhali sun san adadin Hausawan da suke cikin kasuwar kifi a Legas, kuma fassara shafukan da suka ƙunshi ma'aunai da jadawalin ciyarwa ba wani babban aiki ba ne. Sai lissafin riba da aka nuna mana, wanda bai yi kama da lissafin mutumin da ya taɓa asara ba. An ɗauka cewa kusan duk kifin da aka zuba zai rayu, an yi amfani da tsohon farashin abinci, ba a sa albashin mai gadi ba, alhali Baba da bakinsa ya ce kejin da babu mai kwana kusa da shi na ɓarayi ne, ba a kuma sa kuɗin canza raga ko na man jirgi ba. Da muka sake lissafin a hanyar dawowa da farashin da muka sani, ribar ta ragu ƙwarai, ko da yake ba ta ɓace ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka tsallake maganar izini. Ɗan gari yana iya kafa keji a gaban gidan kakansa, amma baƙo, ko da a Agege aka haife shi, dole ya san wanda zai nema kafin ya jefa durom ɗaya a ruwa. Akwai baale, wato dagacin Yarbawa, da dattawan ƙauye, akwai masuntan da suke jefa birgi a wurin tun kaka da kakanni, akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas da takwararta ta tarayya, akwai ma'aikatar gona ta jiha, ga kuma ma'aikatar harkokin teku da gwamnatin tarayya ta kafa a 2023. Da muka tambaya, amsar ita ce za a haɗa mu da mutanen gari idan lokaci ya yi. Wannan bai isa ba. Horon da yake karɓar kuɗin baƙi ya kamata ya zaunar da su da shugabannin masunta, a yi maganar haya, da rabon amfani, da wanda za a kai wa ƙara idan an yanka raga, domin a nan ne jari yake salwanta tun kafin a zo maganar gishiri.

Akwai kuma sakaci a kan tsaro da ba zan yi shiru a kansa ba. Waɗansu rigunan kariyar maɗaurinsu ya tsinke, kuma wata rana an ja aiki har duhu ya fara kafin mu kamo hanya, alhali hukumomi sun hana zirga-zirgar ƙananan jirage da dare, cikinmu kuma akwai waɗanda ba su iya iyo ba. Bayan horon an buɗe mana zaure a WhatsApp, malamar tana amsa tambaya idan ta samu sarari, amma ofishin ya fi saurin magana idan maganar sayen 'ya'yan kifi ce daga abokin hulɗarsu. Wani daga cikinmu ya saya domin tankinsa na gida, suka zo girmansu ba ɗaya ba, manya suka fara cin ƙanana, kuma da ya kai kuka sai aka ce ya ware manya daga ƙanana da kansa.

Wanda burinsa tarwaɗa a tankin bayan gida, wannan horo ba nasa ba ne, gara ya je rukunin gonakin kifi na Odogunyan da ke Ikorodu ya ga yadda masu yi suke yi. Wanda yake son ilimi mai zurfi da takardar shaida, cibiyar binciken teku ta tarayya da aka kafa a 1975 tana Victoria Island, tare da kwalejin koyon aikin kifi da ke kusa da ita. Wanda kuma yake son ya kai iyalinsa su ga dajin fadama kawai, gandun Lekki da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, mai faɗin hekta 78 da gadar sama mai tsawon mita 401, ya ishe shi. Horon da nake magana a kansa na wanda yake da niyyar sa kuɗinsa a bakin lagun ne, ko aka yi masa tayin filin fadama da araha, ko yake da hannu a banda kuma yana son ya san inda itacen murhunsa yake fitowa. Irin wannan mutum ya je da rani, lokacin da gishiri ya kai ƙarshen hawansa, ya tafi da tafintansa, ya duba maɗaurin rigar kariya kafin ya hau jirgi, ya kuma nemi a rubuta masa cewa za a haɗa shi da shugabannin masunta kafin ya biya. Mu dai ƙungiyarmu ba ta kafa keji ba tukuna. Mun haɗa kuɗi mun sayi na'urar auna gishiri, wani yaronmu yana zuwa wurin da muke so yana aunawa yana rubutawa har rani da damina su zagayo, Alhaji kuma ya fasa sayen fadamar, ya koma neman wanda zai gabatar da mu wajen baalen ƙauyen.